Ido a Jikin Bishiya

Vern Halvorsen ya ɗaure ido a jikin bishiya,
can bayan gonarsa, gabas da garin Tomah,
inda masara ta ƙare, kurmi ya fara.
Dala ɗari da ashirin, ban da batir,
ban da abin da kamfani ke yanka duk wata
don hoto ya taso daga daji ya faɗo cikin wayarsa.

Ni maƙwabci ne kawai. Aikin dare nake a masana'antar cuku.
In na taso da asuba sai in tarar da fitilar kicin ɗinsa a kunne,
ga kofi, ga tabarau a karan hanci,
yana murza waya da babban yatsa kamar mai jan carbi.
"Zo ka gani," in ji shi.

Na gani.
Ciyawa ta motsa, hoto.
Iska ta kaɗa reshe, hoto.
Kurege ya leƙo da hanci, hoto goma sha ɗaya.
Karen gidan Oleson yana abin da kare ke yi a gindin itace.
Talo-talon daji a jere kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa.
Sai can, ƙarfe uku da minti goma sha biyu na dare,
ga shi:
namijin barewa, ƙaho mai rassa goma,
kunnen hagu a tsage,
idanu farare fat kamar an kunna su.

Vern ya raɗa masa suna Alƙali,
wai don ba ya zama sai ranar da ya ga dama.

Kakana maharbi ne. Bai taɓa ganin hoton dabba ba
kafin ya ga dabbar.
Yakan durƙusa, ya murje kashinta tsakanin yatsu biyu,
ya ce, "Ɗumi bai gama fita ba."
Ya watsa toka, ya ga inda iska ta dosa.
Na ba Vern labari, ya yi dariya har da ƙwalla:
"Kakanka yana da gwiwa. Tawa ta ƙarfe ce, likita ya dasa."
Na kama bakina.

Nuwamba ya kama. Kwana tara aka ba masu bindiga.
Muka sa riguna ruwan lemo,
muka hau bukkar katako mai dogayen ƙafafu,
sanyi na cizon kunne kamar yana bin mu bashi.
Ranar farko, shiru. Ta biyu, hankaka.
Dare na rabawa waya ta yi ƙara: Alƙali ya wuce
daidai inda muka zubar da ragowar kofi.
Na ce, "Idon nan naka jiya kaɗai ya sani.
Labarin jiya yake sayar maka,
kai kuwa yau kake jin yunwa."

Rana ta takwas, da hantsi, dusar ƙanƙara na sauka a hankali,
sai ga shi da kansa, ba ta waya ba,
taku arba'in, hancinsa na hayaƙi.
Vern ya ɗaga bindiga.
Har bugun agogon hannuna ina ji.
Ya daɗe.
Sai ya yi tari,
irin tarin da ba daga ƙirji yake fitowa ba.
Farar wutsiya ta tashi, kurmi ya rufe bakinsa.

A mota bai kalle ni ba.
Ya ce, "Shekara huɗu ina tara hotonsa,
tun ƙahonsa bai kai ɗan yatsana ba.
Arlys ce ta fara lura da tsagar kunnen,
tana gadon asibiti, ni na riƙe mata wayar."
Daga nan ya ƙara ƙarar rediyo.

To, kai mai tambaya ko kyamarar ta ci kuɗinta,
je ka buɗe firjin Vern:
wake ne da burodi, da cukun da nake kawo masa.
Amma ranar Asabar na hango shi a kanti
yana ƙirga batir takwas a tafin hannu,
na ji yana tambayar yarinyar da ke kan kanta
wanne ne ya fi jure sanyi.