Tauraro Ɗaya a Shara Mansur

Shekara goma sha tara ina hura wuta a Shara Mansur,
masa da asuba, tsire da la'asar,
ban san akwai wata samaniya ba,
'yar ƙarama, a aljihun ɗana Mudassir,
inda taurari ba sa wuce biyar,
kuma kowa na iya tsinke huɗu ya watsar.

Ran Talata ya miƙo mini waya.
Wani wai shi Baƙon Allah, ba fuska, ba gari,
ya yi mini tauraro ɗaya tak.
Wai naman kwanan firji ne,
wai ya tsinci ƙuda a cikin yaji.
Ƙuda!
Ranar da ya ambata, shagona na kulle da kwaɗo biyu,
muna maƙabartar Sharaya
muna zuba wa Kulu ƙasa.

Muka kai ƙara.
Ba zaure, ba buzu, ba mai cewa kawo shaidunka,
sai wani farin gurbi da ake cikewa da yatsa.
Kwana uku, amsa ta zo da Larabci mai santsi:
mun duba, bai saɓa ƙa'ida ba.
Wa ya duba?
Ya san ƙamshin ƙuli in ya sha wuta?
Ya tambayi Abu Nayif mai shayi
ko ya ga hayaƙina a wannan rana?

Zuciya ta ɗebe ni, ba zan ɓoye ba.
Na tara 'ya'yan ƙannena, su bakwai,
na cika musu faranti har da ƙarin albasa,
na ce kowa ya ba kawunsa biyar.
Suka rubuta baki ɗaya kamar 'yan amshi:
nama sai Tanimu, nama sai Tanimu.
Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari,
na sani, na kuma yi.

Kafin kiran assalatu tsintsiya ta bi ta kai.
Duka bakwai ta share, ban ce uffan ba.
Amma ta haɗa da na takwas,
na Malam Ilu, tsohon da ya zo Umara daga Gumel,
wanda ya ci masa uku yana share ido da hannun riga,
ya sa jikarsa ta rubuta masa da Hausa:
na ci, na tuna innata.
Laifinsa ɗaya, ya faɗi gaskiya
a daren da muke ƙarya.
Tsintsiya ba ta san zobe ba, shara ta sani.

Baƙon Allah na nan har gobe,
shi da ƙudansa, a saman shafi.
Alhazai kan tsaya a ƙofa, su dubi waya,
su dubi ni, su wuce gaba.

Akwai kuma wata, ban san ta ba,
Sa'adiyya daga Madina, taurari uku.
Ta ce nama ya gasu, wurin da tsabta,
sai dai gishiri ya yi yawa,
mai shagon kuma ba ya ɗago kai.
Na ce Mudassir, wannan ma kai ƙararta.
Ya yi shiru. Ya gutsuri tsoka ya miƙo mini.

Na tauna.

Kulu ce ke auna gishiri,
da murfin wata tsohuwar kwalbar zuma,
ni tun rasuwarta da tafin hannu nake zubawa,
wata biyar, ba wanda ya iya faɗa mini.

Jiya na nemo murfin a bayan buhun gero.
Na ce da yaron ya rubuta mata: kin yi gaskiya, ki dawo.
Ya ce Baƙon Allah fa, me za a ce masa?
Na ce rubuta masa ranar, da sunan maƙabartar.
Na sake tunani.
Na ce bar shi, miƙo mini mafici,
garwashi na neman mutuwa.