Bayan Tsohon Biro, Tawa

Takarda uku na nuna a ƙofa:
mai hatimi, da mai sa hannun sakatare,
da katin ɗan ƙasa
wanda fuskata ta koɗe a ciki kamar ta wani.
Jandarma ya juya su, ya sake juyawa.
Ya ce, gaba kaɗai za ka ɗauka,
tuta, allon suna, matakala.
Baya babu abin kallo.

Kalandar sabuwar shekara suke so,
kowane wata da gininsa:
gidan gwamna, baitulmali, gidan shari'a,
gidan waya da ya gaji da jiran wasiƙa.
Na yi musu sammako ɗaya bayan ɗaya,
don sabon fenti da hantsi yake shiri,
azahar tona masa asiri take yi.

A tsohon biro batir ya mutu mini.
Na zaga baya neman inuwa,
can inda kuɗin fenti bai kai ba.
Jan dutsen Adar ne tsirara,
an jera shi, an cusa laka a tsakani,
wani kamar kan sa, wani kamar masaki a kife.

Barmu mai gadi na fifita gawayin shayi
a gindin aduwa.
Bai tambayi takardata ba.
Ya ce, ka ga wancan mai tsaga kamar leɓen raƙumi?
Daga bisa tudu ya zo,
ba a jaki ba, ba a amalanke ba.
Kowane gari da kwanakinsa,
kowane gida da wuyan da zai bayar.
Ubana kwana arba'in ya biya.
Har ƙasa ta rufe shi,
in an kira shi ta baya
sai ya juyo da jikinsa duka.

Na riƙe kofi, ban kurɓa ba.

Haka kakana Nomau yake waige.
Muna yara mukan laɓe bayan rumbu
mu kwaikwaye shi,
kafaɗa da kai tare, kamar ƙyauren zaure,
mu yi dariya har mu faɗi cikin ƙaiƙayi.
Shi ma yakan yi murmushi.
Babu wanda ya ce mana komai.

Barmu ya nuna wata taga da aka toshe.
Nan ake miƙa lanho, in ji shi.
Dubi dokin tagar, yadda ya lotsa.
Ba ruwan sama ba ne, gwiwar hannu ce
ta masu jira a kira sunansu,
sunan da magatakarda ya karya wa ƙafa
kafin ya shigar da shi littafi.

Na sa sabon batir.
Na durƙusa, na matso har bangon ya cika gilashi,
babu tuta, babu sama.
Sau ɗaya na danna.

Takalmi ya tsaya kusa da gwiwata.
Kawo, in ji jandarma.
Ya kare hasken rana da hularsa, ya duba.
Ya daɗe yana dubawa,
har shayin Barmu ya tafasa ya zube a wuta.
Ya ce, wannan ai ba gini ba ne, dutse ne.
Ba a ba ni umarni a kan dutse ba.
Ya miƙo mini, ya koma ƙofa.

Kalanda ta fito.
Tsohon biro ya sami watan takwas,
fari fat, tuta ta buɗe kamar an roƙe ta.
An biya ni, saura jaka biyar da har yau nake bi.

Ɗayan hoton yana shagona a Bilbis,
sama da kujerar masu hoton kati.
Wasu kan tambaya, wannan fa na mene ne?
Nakan gyara fitila in ce,
zauna daidai, ɗaga haɓa kaɗan,
juyo wuyanka nan.