Hulunan Talata

Sun san da zuwana.
An share haraba, an yayyafa ruwa,
an shafe bango da farar ƙasa har kan wayar wuta,
kowane kai da hular kwano rawaya,
sabuwa fil, ko takardar farashi ba a ɓare ba.

Manaja ya tarbe ni da lemo mai sanyi:
"Hajiya, kin sha hanya."
Wace hanya? Daga Kakuri zuwa Kudenda?
Gidanmu na bayan masaƙar da ta mutu,
inda ciyawa ta fi ƙarfin mai gadi.

Ni ba hula nake dubawa ba.
Hula ba ta tari.
Farce nake duba, da farin ido,
da yadda mutum ke karkata kai in an yi masa magana.

"Sunanka?"
Inji na tauna tsofaffin bokitai yana aman gari.
"Sunanka, na ce?"
Sai da ya juyo mini kunnen dama.
"Bitrus Shekarau. Shekara tara a nan."
Haka Baba yake juyowa.
Shekara ashirin da biyu a ɗakin saƙa,
aka sallame shi da agogon bango
wanda bai taɓa jin bugunsa ba.

Na rubuta: babu abin toshe kunne.
Na rubuta: tukunyar kashe gobara,
wa'adinta ya cika tun autana yana goye.
Akwatin taimakon gaggawa:
auduga rabin ƙulli, almakashi mai tsatsa,
da takardar bashin mai shayi.

Ƙofar tsira garƙame da kwaɗo.
Mabuɗi na wurin mai sito,
mai sito ya tafi Kafanchan biki.
"In wuta ta tashi fa?"
"Allah zai kiyaye, Hajiya."
"Amin," na ce. "A kawo guduma."

Wajen yankan leda,
Kande ta tura hannun hagu ƙarƙashin mayafi.
Na miƙa nawa, na jira.
Yatsu huɗu.
"A gida ne, wajen yanka albasa."
Na yanka albasa shekara talatin,
ban ga wuƙar da ke sara a miƙe haka ba.
Ta dubi manaja,
ta dubi siminti.

A bayan tankin ruwa Bitrus ya tare ni,
hular a hannu, gumi a wuya:
"Don Allah kar ki rufe mana.
Yara huɗu, haya ta ƙare wata mai kamawa.
Kurma yana cin tuwo, Hajiya.
Marar aiki fa?"
Ban da amsa.
Biro ya yi mini nauyin taɓarya.

A ofis ambulan na jirana,
wai kuɗin mai.
Na bar ta kan tebur,
ta taya lemon da ban buɗe ba zama.

Ban rufe ba.
Na ba su kwana goma sha huɗu,
na sa hannu, na buga hatimi,
na kwana ina juyi
ko tausayi ne, ko tsoro ne na ba wa sunan tausayi.

Ran Alhamis na dawo ba sanarwa,
ruwan Agusta na dukan kwano,
kogi ya kawo har gindin gada.
Kawuna tsirara.
Huluna na sito, jere cikin kwali,
suna jiran baƙo na gaba.

Amma ƙofar da muka fasa tana nan buɗe.
Kande na bakinta, tana shaƙar ƙamshin ruwa.
Bitrus ya hango ni, ya nuna kunnensa yana dariya:
audugar akwatin nan ce ya cusa,
ya raba wa na kusa da shi sauran.

Na zaro biro, na buɗe sabon shafi.
Na kira sunansa.
Na zagaya ta damansa,
na sake kira.