Ranar Miƙa Makulli

Ni ne ma'aji. Jan littafi a hannuna yake
shekara tara, a ƙungiyar matasan Yelwa,
nan Garwa, ɗaki ɗaya da rumfar kwano,
kekunan ɗinki shida, biyu ba sa juyawa.

Hajiya Daharatu ce ta tara mu.
Ba attajira ba ce, goro take sarowa.
Ranar farko ta shimfiɗa tabarma ta ce,
"Kowa ya faɗi abin da hannunsa ke iyawa."
Tanimu ya ce shi faɗa kawai ya iya.
Ta ce, "Ungo sifana, ga babur na jiran kwancewa."

Kuɗin shayin taro daga lalitarta yake fita.
In na rubuta sefa ɗari biyar babu rasit,
sai ta sauke tabarau ta dube ni, ba tsawa,
ni da ƙafata nake komawa wurin mai ƙusa
in karɓo 'yar takarda, gumi na tsiyayowa.

Shekarar da Binuwai ta cinye mana gonaki
baƙi suka zo daga Yawunde, mota na ƙyalli,
shinkafa buhu arba'in, da mai hoto a baya.
Suka ce a jera yara, kowa ya rungumi buhu,
marasa takalmi su matso gaba.
Ta ce, "Shinkafa muna so, Allah ya saka,
amma fuskar ɗan mutane ba ta sayarwa."
Rabi suka sauke, suka juya da rabi.
Na ji haushinta a ranar, ba na ɓoyewa,
don na san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.
Har gobe ban yanke mai gaskiya a cikinmu ba.

Ta yi kuskure ita ma.
Ɗan ƙanwarta ta damƙa wa janareto,
muka wayi gari ya yi Kusuri, ba waiwayowa.
Ba ta ce ƙaddara ba. Ta miƙe a gaban yara
ta ce, "Ku kun hana, ni na ƙi ji."
Kwana uku kunnuwanta suka zama wayam,
na rubuta kuɗin 'yan kunnen a shafin shigowa.

Yau ta ce ta sauka. Muka yi ca a kanta:
wa zai iya? Ki ƙara mana ko da biyu!
Ta ce, "Ku leƙa gindin mangwaron can,
inuwa in ta yi kauri, ba abin da ke tsirowa."
Aka ɗaga hannu, ni na ƙirga.
Tanimu ya ɗara Uwani da uku kacal,
baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba.
Ta kwance makullin daga bakin zane,
ta ba shi, ta koma bencin baya wajen 'yan koyo.

Sai maganar kuɗin haya ta taso, murya ta hau murya.
Duk muka waiwaya, kamar yadda muka saba.
Goro take ɓarewa, idonta a kan rufi,
kamar ba da Hausa ake yi ba.

Tanimu ya share tafinsa a wando, ya yi gyaran murya.
Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi.