Ƙamshi a Bayan Zogale

Nomau ya dawo daga Jado ba zinariya,
sai tari, da silifa tsinkakke,
da ƙwaya tara cikin kwalin ashana.
Ya ce, "Kaka, rama ce ta ƙasar waje,
auren iri biyu: uban daga kan dutse, uwar daga bakin teku."
Na ce to.
Wanda ya shekara talatin yana aurar da mangwaro a Jiratawa
ba ya raina zancen auren tsiro.

Ya shuka su bayan zogale,
inda kanal ke tsiyaya in an buɗe wa layinmu ruwa.
Biyar suka fito.
Yaron da bai san nauyin hauya ba,
wanda sai rana ta dafa ɗaki yake tashi,
na gan shi gabanin assalatu
a tsugune, yana cire tsutsa da farce,
yana yi wa ganye magana ƙasa-ƙasa
kamar mai lallashin jinjiri.

Suka miƙe har suka kai mini kafaɗa.
Ganyen tafin hannu ne mai yatsa bakwai,
kowane yatsa da haƙoran zarto.
Rama kam na san ta, da kwaɗonta aka yaye ni.
Wannan ko kaka ba su haɗa ba.

Sai ƙamshin ya iso.
Kuluwa ce ta fara ji, tana tsinkar ganyen kasuwa:
"Malam, wane mangwaro ne ya nuna
alhali ko fure bai gama zuba ba?"
Ta bi itatuwa ɗaya-ɗaya da ido, ba ta ga komi ba.
Mangwaro ne a shaƙar farko,
ƙarƙashinsa ɓawon lemu,
da gwaibar da ta kwana a aljihu,
daga ƙarshe wani abu mai nauyi
da ya tsaya mini a maƙoshi ya ƙi wucewa.
Na taɓa kan furen, ya kama mini yatsa kamar ƙaro.

Na ƙarshen nan na san shi.
Shi ne a jikin rigar Barmo, ƙanena,
shekarar da ya fara gaida tayoyi a tashar Maradi
yana kiran kowace mota da sunan uwarmu.
Na Barmo warin ciyawa ne, bai ɓoye kansa ba.
Wannan an yi masa wanka, an shafa masa turare,
an aiko shi garkata kamar baƙon arziki.

Kwana huɗu ban ce uffan ba.
Ba jandarma ne suka rufe mini baki ba,
ko da yake ina tsoronsu.
Tun da uban yaron nan ya kwanta dama
wannan ne abu na farko da ya raya da hannunsa.

Daren Laraba na ɗauki tocila.
Saiwar ta riƙe ƙasa fiye da zatona,
ta biyar sai da na durƙusa mata.
Ban ƙona ba, kada iska ta kai labari cikin gari.
Na kai su gulbi, na tona yashi har gwiwar hannu,
na rufe, na tattake.

A ramukan na sa dashen mangwaro biyar,
na gida, mai zare, wanda ke jiran aure.
Na ajiye wuƙata da ɗaurin leda a kan bulo.

Da safe ya zo. Ya daɗe a tsaye.
Bai gaishe ni ba, wuƙar ma bai dube ta ba.
Yau kwana tara ba mu sa hannu kwano ɗaya.
Amma jiya da almuru na tarar da gindin dashen a jiƙe,
kuma ba ranar ruwanmu ba ce.

Ni ko hannun nan,
na wanke da toka, na wanke da sabulu.
In na ɗaga shi zan roƙi Allah,
mangwaro nake ji.