Sikelin Barkono

Takardar ta iso ran Talata, ana tsuga ruwa,
ɗan aike ya ɓoye ta cikin riga
don kada tawada ta narke.
Rupi dubu saba'in a wata, in ji ta,
kujera a hawa na tara, can Bengaluru,
da kuɗin asibiti har na iyaye.
Sau uku na karanta a tsaye.
Na huɗu na karanta wa Amma tana yankan albasa,
ta ce albasar ce ta sa ta hawaye.

Mu mutanen Beypore ne, bakin kogin Chaliyar,
inda ake haɗa jirgin katako ba zane a takarda.
Awon duk yana cikin kan Velayudhan, maigidana.
Yakan runtse ido ɗaya, ya ɗaga babban yatsa,
ya ce, "Rage kaurin farce."
Kana ragewa, katako ya kwanta jikin ɗan'uwansa
kamar tare aka haife su.
Shekara shida ina bin sa bayan an tashi karatu.
Da hanci nake gane itacen da ya nuna
da wanda ke yi mini ƙarya.

Sai dai abin da yake biyana gajere ne.
Ran ashirin ga wata aljihu ke fara hamma.

Awarwaron Amma guda huɗu na zinariya
suna kwance a akwatin mai ba da rance
tun shekarar da na shiga jami'a.
In tana gurza kwakwa yanzu
babu ƙarar nan da ke tashe ni ina yaro.
Ba ta taɓa cewa uffan ba.
Shirun nata ne ke bina bashi.

Anjana ƙanwata ba ta iya kwana-kwana ba:
"Sha'awa ba ta biyan kuɗin wuta, Sudhev.
Rufin nan wuri uku yake yoyo,
ƙirga bokitan, tunda kai ne gwanin lissafi."
Na ƙirga.
Biyar ne.

Da dare ya raba na ɗauko sikelin barkonon Amma,
na ɗora takardar a gefe guda,
gizagona a ɗaya gefen.
Ƙarfe ya rinjaya, mana.
Na yi dariya ni kaɗai a duhu:
ina sikelin barkono ya san nauyin jingina?

Da sassafe na tafi rumfa.
Jirgin da muke yi na tsaye, haƙarƙari a waje,
saura wata goma sha huɗu ya ɗanɗani ruwa.
Tsohon na hura baƙin shayinsa.
Bai ce zauna ba, bai ce tafi ba.
Ya ce, "Yara goma sha ɗaya na koya wa.
Tara suna Dubai, ɗaya ƙasa ta rufe shi.
Ban riƙe kowa a rai ba, ciki ba ya jin haƙuri.
Amma kada wani ya ruɗe ka, hannu yana mantuwa.
Shekara uku, yakan yafe.
In ta kai biyar, kallon baƙo zai yi maka."
Sai ya miƙo mini kusa, muka ci gaba da aiki
har rana ta take.

Ran Juma'a na sa hannu.

Shekara uku, na faɗa wa kogin:
awarwaro huɗu, rufi guda, in dawo.
Na san taran nan ma haka suka faɗa,
a wannan gaɓar, da irin wannan murya.

Yanzu ina tashar Kozhikode, jirgin ƙasa ya makara.
Sabon takalmi na cizon dunduniyata.
A aljihun gaba, bayan tikiti,
akwai ɗan ɓawon katako da ya naɗe kamar kunne.
Nakan ciro shi in shinshina.
Har yanzu dai yana ƙamshi.