Abin da Tef Ya Sani

Shagona yana Gwammaja, bayan masu gyaran waya,
keke biyu, madubi ɗaya da ya tsage ta kusurwa,
sai tef rawaya da lambobinsa suka soma gogewa.
Shekara goma sha tara ina zagaye ƙugun matan Kano da shi,
ban taɓa jin ya zagi kowa ba.

Shi dai ya ce talatin da takwas, ya ja bakinsa.
Matan ne ke ƙarasa masa magana.

Zinatu ta kawo leshin bikin ƙanwarta,
ta haɗiye ciki kamar mai ɓoye kayan sata.
Na ce, saki numfashi, 'yar nan, awo ne, ba bincike ba.
Ta ce, Anti Rahane, rage inci biyu,
akwai shayin da nake sha, kafin biki na zube.
Cikin nan da ya goya tagwaye wata tara,
shi take ba ni haƙuri a kansa.

Ko adaidaita ba ta samu ba sai ga Hansatu,
ita kuma ƙiba take nema ido rufe.
Ƙwaya ta sayo a Sabon Gari, ja da fara,
kumatu suka tashi, ƙafafu na nan inda suke.
Wai in yi mata ciko a ƙirji, in ɗinka soso a baya,
don a wajen kamu an ce da ita sillen kara.
Ɗaya na gudun abin da ɗaya ke bi da kuɗinta,
mai sayar musu da maganin kuwa mutum ɗaya ne,
har ya ɗora bene.

Akwai wadda ba zan kama sunanta ba.
Tabarma ɗaya muka zauna a Islamiyya.
Baƙa ce mai sheƙi,
kamar shunin Ƙofar Mata da ya sha bugu.
Yau fuskar ta yi jawur, ga tabo a kunci,
gaɓoɓin yatsu sun ƙi bin sahu,
sun tsaya baƙi suna ba da shaida.
Na ɗora tef a kafaɗarta, ta ce, a hankali,
fatar ba ta son taɓi.
Ta ɓata da rana,
a garin da rana ke shiga har ƙuryar ɗaki.

Ni ma ba waliyyiya ba ce.
Ina budurwa na ɓoye kwalbar mai a ƙasan adaka.
Inna ta gano ta, ba ta ɗaga murya ba,
ta ce, wanda ya rina ki bai nemi shawarar ɗan kasuwa ba.
Ta koma kan tsintar shinkafarta.
Na yi fushi kwana uku.
Kwalbar ta bi kwata.

Jiya da aka ɗauke wuta, keke ya yi shiru,
na waiga na ga Ummita, shekararta tara,
ta naɗe tef a ƙugu, tana leƙen tsagaggen madubi.
Ta ce, Mama, nawa ne daidai?

Allura ta soke ni ban ji ba.

Na ce, zo ki ji sirrin sana'a.
Ban taɓa ɗora almakashi a kan mutum ba.
Yadi ake yankawa.
In riga ta matse, laifin tela ne,
a kwance ɗinki, a saki gefe, a ƙara hantsa,
mai riga ta sha iska.
Ƙafafun nan su suka kai ki saman Dala ranar Sallah,
kika riga yayyenki maza.
Ki tambaye su ko sun san lambarsu.

Ta yi dariya, wushiryarta ta leƙo,
ta kwance tef, ta auna kyanwar maƙwabta
daga hanci zuwa wutsiya.
Ta ce, ashirin da biyu.
Kyanwa ta yi miƙa, ta lashe hannunta,
ta tafi abinta.